Mabul A Bayan Murhu

Wani yayi ya shigo gidajen masu hannu da shuni, har ma da na ma'aikatan da suka tara 'yan kuɗinsu suka yi gini, daga Ikko zuwa Abuja har Kano, watau manna farin dutsen nan da ake kira mabul a bangon kicin. Ba dukan bangon ake rufewa ba, sai ɗan tsakanin nan da ke bisa teburin girki, ƙarƙashin kabad na sama, wanda tsawonsa bai cika wuce santimita 45 zuwa 60 ba. Nan ne mai yake fantsala in ana suya, nan ne miya take tofi in ta tafasa, nan ne kuma tururi yake sauka. Dalilin rufe wurin tun asali shi ne a tsare bango daga waɗannan abubuwa, a sami wurin da za a goge da tsumma ya koma fes. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne, dutsen da aka ɗora wa aikin tsaron bango ya fi bangon kansa bukatar mai tsaronsa, kuma da wuya ka sami wanda aka gaya wa haka a ranar da ya biya kuɗi.

A wasu littattafai za ka ga an rubuta dutsen marmara, gama da Larabci ana ce masa marmar. Amma marmara a bakin magina da masu haƙar rijiya jan dutsen nan ne mai ramuka da muka sani, saboda haka zan bi bakin kasuwa in ce mabul. Asalinsa dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti. Ya daɗe a binne can ƙarƙashin ƙasa, zafi da danniya suka sake masa kama, ƙwayoyinsa suka haɗe suka zama masu sheƙi. Jijiyoyin nan ruwan toka ko ruwan ƙasa da suke ratsa shi, waɗanda saboda su ake tsuga masa kuɗi, ragowar laka ce da ƙarfe da sauran ma'adinai da suka gauraya da shi. Sinadarin da ya fi yawa a cikinsa masana suna kiransa kalsiyam kabonet, kuma shi ne dai a ɓawon ƙwai da kwanson katantanwa. In mai karatu yana son ya gani da idonsa, ya jefa ɓawon ƙwai cikin ruwan lemun tsami ya zuba ido. Zai ga 'yan kumfa suna tashi, watau ɓawon yana narkewa ke nan. Abin da ya sami ɓawon ƙwai a cikin kofi shi ne yake samun mabul a jikin bango.

Muna da dutsen a ƙasarmu. Akwai shi a Jakura ta Jihar Kogi, da Igbeti ta Jihar Oyo, da Okpella ta Jihar Edo, inda ake ƙona shi a yi siminti. Wanda ya fi suna a duniya kuwa shi ne na Karara a ƙasar Italiya, wanda daga cikinsa ne Mikelanjelo ya sassaƙa mutum-mutuminsa mai suna Dauda tsakanin 1501 da 1504. Alhazai ma sun san farin daɓen nan na harabar Ka'aba wanda ba ya ƙona ƙafa ko da tsakar rana. Mabul ne da aka kawo daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka. Ba shakka dutse ne mai kwarjini, ba na kuma ganin laifin wanda ya gan shi ya yi sha'awa. Sai dai ya kamata a tuna cewa shi kansa mutum-mutumin Mikelanjelo sai da aka ɗauke shi daga dandalin birnin Fulorans a 1873 aka shigar da shi ɗaki, domin ruwa da iska sun soma cinsa.

Kalmar dutse ita ce take ruɗin mutane, su zaci duk dutse ɗaya ne. Wani Bajamushe masanin ma'adinai mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin tauri a 1812, daga 1 zuwa 10. A kan wannan ma'auni farcen mutum yana wajen 2 da rabi, mabul wajen 3, wuƙar ƙarfe wajen 5 da rabi, giranayit tsakanin 6 da 7, ƙwayar yashi kuwa 7. Ashe ke nan mabul da kaɗan ya ɗara farce. Wuƙa tana kartarsa, soson ƙarfe yana kartarsa, toka da yashin da ake darje gindin tukunya da su suna kartarsa. Hatta ƙurar hunturu, in aka goge ta a bushe da ƙarfi, tana barin 'yan zane-zane waɗanda ido ba ya gani sai sun taru sun kashe sheƙi.

Cututtukan mabul a kicin iri biyu ne, kuma rashin rarrabe su shi ne tushen yawancin asarar da ake yi. Na farko tabo. Dutsen yana da 'yan ƙofofi ƙanana ƙwarai, kamar na randa ko da yake ba su kai nata ba, kuma duk abu mai ruwa-ruwa da ya daɗe a kansa sai ya tsotse shi. Mai yana shiga ya bar duhu, abu mai launi ya shiga ya bar launinsa. Na biyu kuwa ci ne, watau abu mai tsami ya narkar da fuskar dutsen. Shi wannan ba ya bukatar lokaci. Kafin ka ɗauko tsumma ya gama aikinsa. Alamar tabo ita ce wurin ya fi kewayensa duhu. Alamar ci kuwa wurin ya yi fari-fari, ya dushe, in ka shafa da yatsa ka ji ɗan kaushi. Tabo baƙo ne da ya shiga gida, ana iya fitar da shi. Ci kuwa wani ɓangare ne na dutsen ya tafi, babu sabulun da zai komo da shi, kuma duk ƙara darzawa ƙara ɓarna ce.

To, a dubi abin da muke dafawa. Hotunan kicin da ake gani a waya, waɗanda suke sa matanmu da mazanmu kwaɗayi, yawancinsu na gidajen Turai da Amurka ne, inda ake gasa abinci cikin tanda a rufe. Mu kuwa manja muke soyawa har ya yi hayaƙi, mu zuba markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu a cikinsa, ya yi ta tsalle yana feshin bango. Manja mai ne kuma rini ne a lokaci guda. Ga kori da kurkum, ga zoɓo wanda ya haɗa launi da tsami. A ma'aunin tsami da masana ke kira pH, lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, kuma duk abin da ya yi ƙasa da ita tsami ne: lemun tsami yana wajen 2, binega tsakanin 2 da 3, zoɓo da tsamiya wajen 3, tumatir da nono 4 da ɗoriya. Dukansu suna cin mabul. In azumi ya zo, gidan da ake dama kunun tsamiya kullum a kuma tace zoɓo kusa da bango, wata guda ya isa ya bar shaida.

Na taɓa ganin inda wannan rashin sani ya kusa jawo zalunci. Na ziyarci wani abokina da ya tare a sabon gida, na tarar ana sababi a kan yarinyar da take taya uwargidansa aiki. Bangon bayan murhu, wanda bai yi wata uku da mannawa ba, ya yi dabbare-dabbare, wani wuri duhun mai, wani wuri fari kamar an shafa alli. Maigida ya rantse sai ya cire kuɗin gyara daga albashinta. Da na tambaye ta abin da take wanke wurin da shi, ta ce da ta ga manja ya ƙi fita da omo sai ta yanka lemun tsami ta goga, ta bi da soson ƙarfe, yadda aka koya mata wanke tukunya da faranti mai ƙarni. Watau ƙwazonta ne ya jawo mata. Na ce a kawo ragowar tayil ɗin da ya saura a sito, na ɗiga masa lemun tsami a gaban kowa, muka ƙirga minti ɗaya, na goge. Fari ya fito sak irin na bango. Sa'an nan na tambayi abokina ko an shafa wa dutsen wani abu bayan an manna shi, ko kuwa akwai wanda ya taɓa gaya wa yarinyar abin da ba a sa masa. Ya yi shiru. Ba a taɓa albashinta ba, amma na tabbata akwai gidaje da yawa da aka taɓa, ko aka yi wa matar gida gorin ƙazanta a kan abin da ba laifinta ba ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Wanda ya zaɓi dutsen ya biya kuɗinsa, shi ya kamata ya nemi sanin halinsa ya kuma sanar da masu girki.

Toshe ƙofofin abu mai shan ruwa ba baƙon ilmi ba ne a wurinmu. Na tashi na tarar da kakata da maƙwabtanta suna yin daɓe. Bayan sun baza tsakuwa da ƙasa sun daddaɓe da madaɓi har ya kwanta, sai a kawo makuba, watau ruwan kwasfar ɗorawa da aka jiƙa har ya yi duhu, a yayyafa, a bari ƙasa ta sha, a sake yayyafawa. Daɓen da ya sha makuba yana yin tauri da sheƙi, ruwa ba ya saurin ratsa shi. Magina kuma suna da laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara, a shafe soro da shi saboda damina. Babu wata tsohuwa da ta taɓa zaton makuba sau ɗaya ake sa ta har abada. In daɓe ya soma kwailewa sai a sabunta. Ruwan da ake shafa wa mabul, wanda 'yan kasuwa suke kira sila, makubar zamani ce, aikinsu ɗaya, kuma ita ma tana ƙarewa.

Sila iri biyu ce. Akwai mai kwanciya a bisa dutse ta yi fata kamar banish. Wannan ba ta dace da bayan murhu ba, gama zafi yana sa ta yi rawaya, ta ɓare, ta kuma tsare danshi a cikin dutsen. Akwai kuma mai nutsewa cikin ƙofofin, ruwan da ya ɗauko ta ya bushe, ita ta zauna a ciki ta hana ruwa da mai saurin shiga, ba tare da ta sauya kamannin dutsen ba. Ita ce ake so. Ko a cikin masu nutsewar ma akwai wadda ruwa kaɗai take kora, saboda haka a duba jikin gwangwani a tabbata an rubuta cewa ta dutse ce, kuma tana korar mai. Mai saye a Ƙofar Ruwa ko Dei-Dei ya karanta da kansa, ko ya tafi da mai karanta masa.

Amma ga inda nake so mai karatu ya tsaya ya lura. Sila tana maganin tabo, ba ta maganin ci. Tun da a cikin ƙofofi take zaune, fuskar dutsen tana nan a buɗe, kuma lemun tsami zai ci mabul mai sila kamar yadda zai ci marar sila. Ko wajen tabon ma, jinkiri take saya maka: man da zai shiga cikin minti biyar sai ya ɗauki sa'o'i. In aka bar manja ya kwana biyu a kan bango, sila ko babu sila, zai sami hanya. Duk wanda ya ce maka in ka shafa ta ka huta, ko dai bai sani ba, ko kuwa yana son ya sayar.

Tun ran gini tun ran zane. Rabin lafiyar mabul a hannun mai tayil take, kuma yawancin masu tayil ɗinmu da tayil na tangaran suka saba, wanda ba ruwansa da duk abin da aka yi masa. Farin mabul da farin gam ake manna shi, domin baƙin siminti da yashi suna iya nunawa ta cikinsa su dusashe farinsa. Tsakanin tayil da tayil a bar siririn layi, milimita 2 ko 3, a cike da ciko marar yashi, gama mai yashi yana kartar fuskar dutse wajen shafawa. Kafin a sa cikon ma ya kyautu a fara shafa sila sau ɗaya a fuskar tayil, don kada launin cikon ya shiga. A kusurwar da bango ya haɗu da tebur silikon ake sawa, amma ba mai warin binegar nan ba, domin warin shaida ce ta tsami. Babban abin tsoro kuwa shi ne wankin ƙarshe. Al'ada ce a wurin gini a wanke tayil da asid don a cire ragowar siminti. A kan tayil na tangaran yakan wuce lafiya. A kan mabul kuwa, cikin minti goma an kashe sheƙin da aka biya dubban nairori dominsa. Ni dai shawarata ita ce maigida ya tsaya da ƙafarsa a wurin ranar wankin nan, ko da zai bar wurin aiki.

Shafa silar ba wuya, mace ko namiji kowa yana iyawa. Bayan an sa ciko a jira kwana biyu ko uku ya bushe sarai. A wanke bangon, a bar shi ya kwana ya bushe, domin dutse mai danshi ba ya shan sila. A kashe gas da risho da duk wata wuta, a buɗe taga, gama wasu silolin suna kamawa da wuta kuma warinsu yana hawa kai. A sa safar hannu, a shimfiɗa jarida ko leda bisa tebur. Sa'an nan a ɗauki ƙyalle mai laushi ko buroshin soso a shafa, ɗan wuri kaɗan-kaɗan, har da layukan ciko, waɗanda sun fi dutsen kansa shan mai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A bar ta ta nutse gwargwadon mintocin da aka rubuta a gwangwani, yawanci tsakanin 5 da 15, sa'an nan a goge duk abin da ya rage da busasshen ƙyalle tun bai bushe ba. Wannan gogewa ita ce ake yawan sakaci da ita, sai a wayi gari bango ya yi hazo yana danƙo. In haka ta faru, a sake jiƙa wurin da ita silar, ta narkar da 'yar'uwarta, a goge nan take. A yi shafa ta biyu in dutsen ya shanye ta farko, kuma a ɗaga wa wurin ƙafa da girki kwana ɗaya zuwa uku. A lura da yanayi: da hunturu a Kano ko Sakkwato sila tana bushewa da sauri, sai a rage faɗin wurin da ake shafawa; da damina a Ikko ko Fatakwal kuwa sai a ƙara kwanakin jira.

Sau nawa za a sabunta? Masu sayarwa sukan ce duk wata shida ko duk shekara, amma dutsen ne ya kamata a tambaya. A jiƙa auduga da ruwa, a manna ta a bango da salatif, a bari minti goma, a cire. In wurin ya yi duhu, dutsen yana sha, lokaci ya yi. In bai sauya ba, a bar shi. Akwai mabul mai sheƙi wanda aka goge har ƙofofinsa suka kusa rufewa, wanda da ƙyar yake karɓar sila, kuma tula masa ita ɓarnar kuɗi ce. A gwada kusa da murhu a kuma gwada can gefe, domin inda ake yawan wankewa nan sila take fara ƙarewa.

Kulawar yau da kullum ba ta bukatar wani abu mai tsada. Ruwan ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa, da ƙyalle mai laushi sun isa. A bi da ruwa zalla, sa'an nan a tsane. Tsanewar tana da dalili. Ruwan burtsatse na wurare da dama yana barin farin gishiri in ya bushe, kuma magungunan da ake cire shi da su duk masu tsami ne. Akwai kuma farin mabul mai ɗan ƙarfe a cikinsa, wanda in ya daɗe cikin danshi yake yin rawaya kamar tsatsa. In miya ta fantsala a danna ƙyalle a ɗauke ta, kada a shafa ta ta bazu. Lemun tsami, binega, ruwan wanke masai, hodar darza, soson ƙarfe da toka, duk a nesanta su. Kanwa da bilic ba sa cin dutsen yadda tsami yake yi, amma yawan sa su yana kashe sila. Tun da zancen ya kawo mu nan, kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan wanke masai ko binega a kowane wuri. Hayaƙin da yake fitowa guba ne.

In tabo ya riga ya shiga, dabarar fitar da shi ita ce a sa masa abin da ya fi dutsen ƙishirwa. Haka ake yi wa Taj Mahal, ginin da Sarki Shah Jahan ya soma a birnin Agara na Indiya a 1632 da farin mabul na Makarana. Hayaƙi da ƙura sun sa farinsa ya juya rawaya, har Kotun Ƙolin Indiya ta yi hukunci a 1996 cewa masana'antun da ke kewaye su bar ƙona kwal su koma gas, ko su tashi. Masu kula da ginin suna shafe shi da wata laka da Indiyawa suke kira multani mitti, wadda matansu suke shafawa a fuska, a bar ta ta bushe ta tsotso dauɗa, sa'an nan a wanke da ruwa mai tsabta. A gida bekin soda yana yin wannan aiki a kan tabon mai. A kwaɓa shi da ruwa ya yi kauri fiye da ƙullun ƙosai, don kada ya zame daga bango, a shafa kaurin rabin santimita har ya ɗan wuce gefen tabon, a rufe da leda a manne da salatif. Bayan kwana ɗaya ko biyu a cire ledar, a bari ya bushe ƙarau, domin wajen bushewar ne yake jawo man, sa'an nan a kankare da cokalin roba ko na katako. Tsohon tabon manja yakan nemi a maimaita sau biyu ko uku. Tabon zoɓo ko shayi ko kori kuwa da ruwan haidurojin na kantin magani ake kwaɓawa, amma a kan farin dutse kaɗai, gama yana kwashe launin mai duhu. Duk inda aka yi wa wannan magani sai a sake shafa masa sila.

Ci ba shi da magani sai a sake goge fuskar dutsen. In ɗan kaɗan ne, akwai hodar goge mabul da ake murzawa da ɗanyen ƙyalle har sheƙi ya komo. In ya yi zurfi sai an kira masu injin gogewa, kuma aikin bango ya fi na daɓe wuya da tsada. Saboda haka ne ni na fi son mabul marar sheƙi, wanda aka goge ya yi sumul amma ba ya ɗaukar ido. Ya fi mai sheƙi shan mai, don haka ya fi bukatar sila, amma ci ba ya nunawa a jikinsa sosai, tun da dama can a dushe yake. Tabo kuwa mun ga yana da rigakafi yana da magani.

Akwai tayil na tangaran da ake bugawa da zanen mabul, wanda daga nesa ba ka rarrabewa, ba ya shan mai, tsami ba ya cinsa, ga shi da sauƙin kuɗi. A kasuwa shi ma wani lokaci mabul ake ce masa. Mai son tantancewa ya juya bayan tayil ɗin: na gaske jijiyoyinsa sun ratsa har baya da gefe, na bugu kuwa zanen a fuska ya tsaya. Ko kuwa ya nemi ɗan gutsure ya ɗiga masa lemun tsami. Gidan da yake da yara da yawa, da baƙi, da tukunya a kan wuta safe da yamma, ban ga abin kunya ba in ya ɗauki na tangaran. Ba na jin ya kamata a ce wa mai girki ta rage manja ko ta daina kunun tsamiya saboda bango.

A nawa gidan mun raba gardama. Daidai bayan murhu, faɗin tukwane biyu, farantin ƙarfe marar tsatsa muka sa, wanda ake wankewa da duk abin da aka ga dama. Mabul marar sheƙi ya ɗauki sauran bangon, daga gefen murhu zuwa taga. Suya mai yawa, kamar ta naman salla, a murhun tsakar gida ake yinta. Ranar da aka shafa sila ana rubuta ta da fensir a cikin ƙyauren kabad, tare da sunayen abubuwan da ba a sa wa bangon, da Hausa, domin duk wadda ta shigo taya aiki ta gani. Na kuma ajiye tayil shida daga cikin waɗanda aka manna, a naɗe cikin kwali a sito. A kansu ake gwada duk wani sabon sabulu kafin ya taɓa bango, kuma in wani ya fashe da su za a maye, domin mabul ko daga rami ɗaya aka haƙo shi, na bana ba ya yin launi ɗaya da na baɗi.